Bindigar barewa da bindigar zomo: amsa ga ɗan'uwanmu na Pensilbaniya

Wani ɗan'uwa a wannan zauren, mazaunin jihar Pensilbaniya ta ƙasar Amurka, ya kawo tambayar da ta dace a tsaya a kanta. Ya ce ya sayi bindigar ɗuri mai kaliba .50, wato mai faɗin bututu rabin inci, irin wadda ake zuba wa albarushi ta baki kuma dutsen ƙyastu ke tayar da wutarta, domin farautar barewa da ake buɗewa bayan Kirsimeti, amma duk ranar da ya je duba dajin, zomaye yake cin karo da su fiye da barewa. Yana son ya sani ko zai iya rage albarushi ya harbi zomo da ita, ko kuwa sai ya nemi wata bindigar, kuma idan zai nema, wace iri ce ta fi.

Malam, kafin a je ga ƙarfin bindiga, doka ce ta fara raba gardamar. Hukumar kula da namun daji ta Pensilbaniya ta ware lokacin bindigar ƙyastu tun 1974, kuma ta shar'anta cewa doguwar bindigar da za a harbi barewa da ita a wannan lokaci kada ta gaza kaliba .44, sannan ta kasance tana fitar da harsashi guda ɗaya. A ɓangaren ƙananan namun daji kuwa, wato zomo da kurege da makamantansu, bindigar ɗuri mai murɗaɗɗen zane a cikin bututunta ba za ta wuce kaliba .40 ba. Ka ga ke nan an bar rata a tsakani: bindigarka ta isa barewa, amma ta yi wa zomo girma a idon doka, ko da ka rage albarushin ya koma ɗan kaɗan, domin faɗin bututu ake aunawa, ba yawan abin da aka ɗura ba. Wasu jihohin ba su da wannan iyaka, shi ya sa za ka ji wani a wata jihar yana cewa shi da .50 yake harbin komai. Maganarsa ba hujja ba ce a gare ka. Littafin ƙa'idojin da ake bayarwa tare da lasisi ana sabunta shi kowace shekara, kuma shi za ka buɗe kafin ka fita.

Ko da doka ta yarda, ba zan ba ka shawarar hakan ba. Dunƙulen dalmar da ake ɗura wa .50 ya kai giram 11 da rabi, kuma ɗurin barewa kan ci giren 70 zuwa 90 na albarushi, wato wajen giram 5. Zomon wannan yanki, mai ɗan farin bindi kamar kaɗa, da ƙyar yake wuce kilo ɗaya da rabi, bai ma kai zomon dajinmu na gida tsawo da nauyi ba. Idan wannan dunƙule ya same shi a kafaɗa ko a ciki, abin da za ka ɗauka fata ce da tarkacen ƙashi da hanji a fashe, kuma kashe dabbar da ba za a ci ba asara ce da bai kamata maharbi ya saba da ita ba. Masu yin hakan inda aka halatta sukan sauke ɗuri zuwa giren 30 ko kusa da haka, su nufi kai kaɗai, amma daga ranar da ka sauya ɗuri, inda harsashi ke sauka ma ya sauya, kuma saitin da ka ɓata makonni kana daidaitawa domin barewa ba zai ƙara gaya maka gaskiya ba.

Abin da ya rage shi ne zaɓi tsakanin bindigogi biyu da doka ta amince da su ga zomo: ƙaramar bindiga mai zane a bututu, kaliba .32 ko .36, da kuma mai santsin bututu geji 20 (geji shi ne ma'aunin faɗin irin wannan bututu), wadda ake ɗura wa ƙananan ƙwayoyin dalma masu warwatsuwa.

Ita .32 bindigar mai haƙuri ce. Dalmarta ba ta wuce giram 3 ba, kamar ƙwayar wake, kuma giren 20 zuwa 25 na albarushi mai laushi ya ishe ta, ta yadda gwangwanin albarushi na laba ɗaya, wanda ba zai ba ka fiye da harbi 100 a .50 ba, zai ba ka 280 zuwa 350 a cikinta. Ƙararta kaɗan ce, ba ta dukan kafaɗa, kuma idan ka sami zomo a kai, naman zai fito tsab babu ko ƙwaya ɗaya da za ka tauna a cikin miya. Sharaɗinta shi ne zomon ya kasance a zaune. Za ka riƙa tafiya a hankali a gefen gona ko kusa da tarin rassan da aka sare, kana tsayawa bayan kowane taku kaɗan, ba siffar zomo kake nema ba, ɗan baƙin idonsa mai sheƙi kake nema a cikin busasshiyar ciyawa, domin shi ne abin da ba ya iya ɓoyewa idan ya lafe. Da zarar ya zabura, damarka ta wuce. Tana da wata wahalar kuma da ba a faɗa wa mai saye a shago: ƙaramin bututu yana saurin cika da tokar albarushi, bayan harbi uku ko huɗu ɗuri zai fara tauri sai an goge, sandar ɗurin siririya ce mai saurin karyewa, kuma riƙe dalma mai girman wake tare da ɗan ƙyallen da ake naɗe ta a ciki, da yatsun da sanyin Janairu ya daskarar aiki ne da ke gwada zuciyar mutum.

Mai santsin bututu kuwa, duk wanda ya taso yana ganin maharba a ƙauyukanmu ya san ta, domin ita ce 'yar'uwar bindigar toka, wadda wasu ke kira adaka. Tsarin ɗurin ɗaya ne: albarushi a ƙasa, a danna toshi a kansa, a zuba ƙwayoyi, a rufe da wani siririn toshi domin kada su zubo idan an sunkuyar da baki. Bambancin shi ne a Amurka ana auna komai da ma'auni, ba da tafin hannu ba. Ɗurin da aka saba shi ne oza ɗaya na ƙwayoyi lamba 6, wato giram 28, kimanin ƙwaya 225, tare da albarushi daidai cikin ma'aunin da aka auna ƙwayoyin da shi. Wannan ɗuri yana kama zomo a guje, abin da .32 ba za ta taɓa yi maka ba, kuma zomon Amurka a guje aka fi samunsa: idan ka taka tarin rassa ya fito, ko kare ya tayar da shi, yakan yi da'ira ya komo kusa da inda ya tashi, sai maharbi ya tsaya cak ya jira shi. Iyakarta nisa ne. Bayan mita 20 zuwa 25 ƙwayoyin sun riga sun bazu har zomo zai iya ratsa tsakaninsu, ko ya tafi da rauni ya mutu a rami, saboda haka dole ka gwada ta a kan faffaɗar takarda ka ga inda taruwarsu ta ƙare, ka kuma hana kanka harbi bayan wannan wuri. Kada ka yi tunanin zuba ƙwayoyi a cikin .50 ɗinka domin ka kwaikwayi wannan, saboda murɗaɗɗen zanen yana juya su su watse gefe-gefe, tsakiyar ta zama fanko.

Inda hankalina ya fi tashi shi ne batun sauran mutanen da ke cikin dajin. Mai farautar zomo a Pensilbaniya wajibi ne ya sa tufa mai ruwan lemo mai ƙyalli, inci 250 murabba'i a kai da ƙirji da baya, amma mai farautar barewa da bindigar ƙyastu bayan Kirsimeti ba a tilasta masa ba. Ma'anar wannan ita ce akwai mutane zaune a gindin itatuwa da tufafi masu kalar ƙasa, ba ka ganinsu. Zomo a ƙasa ake harbinsa, ƙasar kuwa a wannan wata ta daskare ta yi tauri, kuma dunƙulen dalma idan ya daki daskararriyar ƙasa ko dutse a karkace yakan yi tsalle ya ci gaba da tafiya inda ba ka nufa ba. Na .50 ya fi muni, na .32 ma yana yi. Ƙananan ƙwayoyi kuwa ƙarfinsu na mutuwa da wuri. Wannan dalili kaɗai ya isa ya sa na fifita mai santsin bututu muddin lokacin barewa bai rufe ba.

Za ka ji ana cewa geji 20 tana yin aiki biyu, kuma gaskiya ne, domin faɗin bututunta ya kai kaliba .62, idan aka ɗura mata dunƙule guda tana kayar da barewa a nisan mita 50 ko ƙasa da haka. Sai dai bututu ɗaya ɗuri ɗaya yake ɗauka. Idan dunƙule ke ciki zomo ya fito, ba ka da abin yi, idan kuma ƙwayoyi ke ciki barewa ta fito, haramun ne ka harbe ta da su, kuma sauya ɗuri yana nufin ko ka harba ka tashi dajin gaba ɗaya, ko ka zauna kana zaro dalma da ƙugiyar sanda. Taura biyu ba ta taunuwa. Farautar barewa zama ce da shiru da lura da inda iska ke kaɗawa, ta zomo kuwa tafiya ce da tattaka ciyawa, kuma hayaƙin harbi ɗaya ya isa ya kori barewar da ka yi awa uku kana jira.

Kowacce ka ɗauka, albarushi baƙi ko madadinsa da aka yi domin bindigar ɗuri kaɗai za ka zuba, ba na harsashin zamani ba, wanda ke fasa bututu. Ka zuba daga ma'auni, ba daga bakin gorar albarushi ba, ka tabbata dalma ta zauna daram a kan albarushi babu sarari a tsakani, kuma idan ka ja kunama wuta ta ƙi tashi, ka bar bakin yana kallon wuri mai aminci aƙalla minti ɗaya. Wajen feɗe zomo ka sa safar hannu ta roba saboda cutar tularemiya da ke kama mutum ta jini da fatar dabbar, ka yar da duk wanda ka ga fararen ɗigo a hantarsa, sauran kuma a dafa su sosai.

Ni da nake a matsayinka, .50 zan bar wa barewa daga 26 ga Disamba har lokacin ya rufe a cikin Janairu, in lura da tarin rassan da zomaye ke shiga in riƙe wuraren a raina. Lokacin zomo yana ci gaba har ƙarshen Fabrairu, adadin da aka yarda a rana guda huɗu ne, kuma a waɗannan makonnin zan komo wuraren da geji 20 da tufar ruwan lemo.