Shinge ko Tarko: Kare Lambu Daga Girawunhog a Amurka

Masu lambu a karkarar gabashin Amurka suna fama da girawunhog, wani ƙaton dangin kurege mai haƙa rami, wanda kan cinye wake da latas cikin kwana kaɗan. Tarko yana da sauri da araha, amma uwar tana haihuwa ne a watan Afrilu ko Mayu, kuma idan aka ɗauke ta a lokacin, jariranta za su mutu da yunwa a cikin rami. Jihar Masacusets ma ta haramta kai dabbar daji wani wuri. Shingen waya kuwa yana cin kuɗi da gumi, domin sai tsayinsa ya kai mita 1, a binne ƙasansa kimanin santimita 30, a bar samansa sako-sako don ya lanƙwashe idan dabbar ta hau. A ganina shingen ya fi.