Fulas ɗin ruwan da na kai hanyar Maiduguri cikin zafin Afrilu

Na ƙi cewa komai a kan fulas ɗin nan sai da na kai shi Maiduguri na dawo, dan a gida kowanne fulas gwani ne. A Sabon Gari na siya, irin na ƙarfen nan mai cin lita 1.5, mai bango biyu da aka zuƙe iskar tsakaninsu, shi ya sa zafin waje ba ya saurin ratsawa ya kai ga ruwan. Mai shagon sai rantsuwa yake wai awa 24 yake riƙe sanyi, na ce to Alhaji, an ce da kare ana biki a gidansu ya ce mu gani a ƙasa.

Bikin 'yar yayata muka je, tsakiyar Afrilu, lokacin da Maiduguri ke wuce digiri 40 ba wasa. Mun tashi daga tashar Unguwa Uku a Kano bayan asuba, tafiyar kusan kilomita 600, Wudil, Azare, Potiskum, Damaturu. Kafin mu kai Potiskum piya watan da mutane suka siya a tasha ya koma kaman ruwan wankan jego, ni kuwa in na girgiza nawa ƙanƙara ce take ƙara a ciki. A Damaturu ta narke amma ruwan da sanyinsa har muka sauka. Ragowar da na bari ya kwana kam da safe salam na same shi, dan haka maganar awa 24 cika baki ne, ku ɗauka wuni guda.

Amma ni ba sanyin ne ya fi burge ni ba. Mu mata mun san halinmu, in za a yi doguwar tafiya tun dare muke daina shan ruwa saboda tsoron fitsari, ga direba ba ya son tsayawa yana sauri ya shige gari kafin yamma, in ma ya tsaya a fili ne fetal maza su juya baya su tsuguna ke kuma ina za ki? Haka nake yi a da, in sauka da ciwon kai, leɓe a bushe, fitsari ja wur kaman shayi. Kuma ledar piya wata in kin fasa dole ki shanye rabin lita nan take ko ta jiƙa miki zani, bayan awa ɗaya mara ta cika. Da fulas kuwa kurɓa biyu uku nake in rufe, bayan ɗan lokaci in ƙara, gumi na fitar da rabonsa, sau ɗaya tak na nemi banɗaki inda muka tsaya sallar azahar.

Wata dattijuwa kusa da ni bayan Potiskum ta fara cewa jiri take ji, ashe ita ma tun jiya rabonta da ruwa. Ina da ORS a jaka, garin gishiri da sukarin nan na kemis mai mayar wa jiki ruwa, shi kuma ƙulli ɗaya a lita ɗaya ake kaɗa shi, sai na juye piya wata biyu a wata gora na haɗa, na ce Baba ungo ki dinga kurɓa a hankali. Ba a jima ba ta dawo hayyacinta tana ta sa min albarka. Wanda ba shi da na kemis, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya, kar a cika gishirin.

Aibinsa kuma akwai. Bakin ƙarami ne, sai da na daddaka ƙanƙarar a turmi kafin ta shiga. In ya cika yana da nauyi, kuma lita 1.5 ba ta isa wannan hanyar sai da na ƙara ruwa a kan ƙanƙarar sau biyu. Na yi gangancin zuba zoɓo a dawowa, har yau robar murfin tana ƙanshin citta da kanumfari, kuma tun da na cire ta na wanke ta saki, in fulas ɗin ya kwanta sai ya ɗiga. Na koma shagon neman robar ya ce ba a sayar da ita daban, yanzu dai a tsaye nake riƙe shi tsakanin ƙafafuna.