Bayanan ƙasan shafi sun so su ɓata min Hawthorne

Wata uku ke nan da na sayi wani ƙaramin kundi na gajerun labaran Nathaniel Hawthorne, irin wanda ake buga wa ɗalibai, kowane shafi da bayani a ƙasa. Takardar shara-shara ce, rubutun baya na leƙowa, amma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, don haka ban yi ƙorafi ba.

Gabatarwar kam ta yi min rana. A nan na san an haifi marubucin a Salem ta Amurka a 1804, kuma kakan kakansa, John Hathorne, yana cikin alƙalan shari'ar maita ta 1692, wadda aka rataye mutum 19 a kanta. Da sanin haka, labarinsa "Young Goodman Brown" na 1835 sai ya canza min kama. Ango ne mai suna Brown ya bar amaryarsa Faith, wato Imani, ya kutsa daji da almuru. Ya haɗu da wani dattijo mai sanda kamar maciji, ya ga tsohuwar da ta koya masa addini yana yaro, har da limamin cocinsu, duk sun nufi taron Shaiɗan.

A nan muka saɓa da mai sharhin. Sanda, in ji shi, ruɗi ce. Daji zunubi. Ƙyallen ruwan hoda da ke kan Faith kuwa tsarkin zuciya ne, shi ke nan, kamar ana raba gado. To ai ƙyallen nan da ya faɗo daga sama ya maƙale a reshe, har Brown ya yanke ƙauna, washegari ga shi a kan matar tana murnar tarbarsa. Mai ba da labarin da kansa ya tambaya ko mafarki ne, bai kuma amsa ba. Ni a nawa karatun, abin da ya kashe Brown a tsaye zargi ne: ya wayi gari kowa munafuki ne a idonsa, ban da shi.

Haka mai sharhin ya yi wa baƙin mayafin da Fasto Hooper, a wani labarin na kundin, ya rufe fuska da shi har kabari. Layi ɗaya: ɓoyayyen zunubi. Zunubin wa, nasa ko na mabiyansa da suka kasa haɗa ido da shi?

Mai shirin jarrabawa zai ji daɗin kundin. Ni dai yanzu da katin gayyatar wani biki nake rufe ƙasan shafin, sai na kai ƙarshen labari nake ɗagawa.