iPhone 14 ƴar Amurka a layukanmu na Sakkwato: sabis ba matsala, ramin layi ne babu

iPhone 14 ta hannu da ake shigowa da ita daga Amurka ta fi ta Turai sauƙin kuɗi a shagunan waya na Sakkwato, kuma akwai dalili. Tun da Apple ya fitar da ita a 2022, samfurin Amurka, mai lamba A2649, ba shi da ramin sa layi. Sai eSIM kawai, wato layin da ake ɗora wa waya ba tare da an sa kati ba.

Ta fuskar kama sabis ba ta da abin kushewa. Tana ɗaukar band (wato mitar da waya ke kama sabis a kanta) 3, 7, 20 da 28, waɗanda su ne ginshiƙin 4G na MTN, Airtel da Glo, tana kuma da n78 na 5G. Band 20 da 28 su ne masu dogon zango da ratsa bango, don haka mai zirga-zirga zuwa Wurno, Gwadabawa ko Tambuwal ya fi buƙatarsu. A nan ne ƙananan wayoyin Android da kamfanonin sadarwar Amurka ke sayarwa da araha suke faɗuwa: da yawansu an gina su ne kan band 2, 4, 12 da 66, sai ka ga waya ta maƙale a 3G alhali ta maƙwabcinka tana gudu.

Wahalar tana wajen eSIM. MTN da Airtel suna bayarwa, amma galibi sai ka je ofishinsu da NIN ɗinka, su mayar da layinka eSIM, su ba ka lambar QR, sannan a ɗora ta da Wi-Fi. Wayar tana riƙe eSIM takwas ko fiye, biyu suna aiki lokaci guda. Ranar da allo ya mutu ko batiri ya ƙi caji, babu abin da za ka zare ka sa a ƙaramar waya. Saƙon banki da USSD duk sun tsaya har sai ka koma ofis. Ga ɗan kasuwar Illela da ke tsallakawa Birnin Konni yana sauya layin Nijar, wannan waya ba tasa ba ce.

Wasu ƴan kasuwa suna sayar da wadda aka huda gefenta aka dasa mata ramin layi. A guje ta. An buɗe cikinta an yi walda a kan injin, kariyar ruwa da ƙura ta tafi, kuma ƙurar hunturu da zafin Afrilu na garin nan ba sa ragawa aikin da aka yi da hannu. Irin wannan takan daina ganin layi ba zato.

Sai batun kulli, wanda ya fi komai cin kuɗin mutane. Kafin ka biya, shiga Settings, General, About, ka sauka zuwa Carrier Lock. In ba a rubuta “No SIM restrictions” ba, wayar ɗaure take da kamfanin da ya sayar da ita, kuma eSIM ɗin Najeriya ba zai hau ba. Shi kaɗai kamfanin ke iya kwance ta, galibi bayan mai ita na farko ya gama biyan kuɗinta. Alkawarin “za mu buɗe maka” kada ya sa ka miƙa kuɗi. A shafin nan dai, taɓa lambar samfurin ta juya ka ga A2649 ce ko A2882 ta sauran ƙasashe, wadda ke da ramin layi tare da eSIM. Danna *#06# ka ga IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka gwada shi da na kwali in akwai, ka sa a rubuta shi a rasit, ka kuma tabbatar an cire iCloud, wato asusun Apple, na mai ita na da a gabanka.

Mai zaune cikin gari da layi ɗaya ko biyu na MTN ko Airtel zai more ta, in dai buɗaɗɗiya ce. Wanda ke yawan sauya layi ya ƙara kuɗi ya ɗauki A2882.