Jirin kumburin jijiya da jirin tsakuwar kunne: ba ɗaya ba ne

'Yar uwa, kin ce maigidanki ya kwana uku ɗaki na juya masa, ga amai, likita ya ce jijiyar daidaito ta cikin kunne ce ta kumbura. Maƙwabciyarki kuma ta ce nata jirin da juya kai kawai aka warkar, shi ne kike tambaya ko ciwo ɗaya ne. A'a. Sannu da jinya.

Ki duba tsawon jirin. Na maƙwabciyarki, wasu 'yan ƙananan tsakuwoyi ne na cikin kunne ke ɓallewa su faɗa inda ba wurinsu ba. Da mutum ya juya a kan gado, ko ya ɗago daga sujada, sai duniya ta juya, amma ba ya kai minti 1 ya lafa. Shi ake gyarawa da dabarar juya kai ta likita Epley, wani lokaci a zama guda.

Na maigidanki kuwa ba ya jiran a motsa. Ko yana kwance shiru ɗaki na juyawa, motsi ƙara shi kawai yake yi. Yakan zo farat ɗaya, sau da yawa bayan mura, kuma ana danganta shi da ƙwayar bairos. Kwana 2 zuwa 3 na farko ne masu tsanani, tangaɗin kan ɗauki makonni. Ji ba ya raguwa. In kunne ya toshe ko yana ƙara, a koma wa likita, don mai yiwuwa kumburin ya wuce jijiya. Juya kan Epley ba ya masa komai.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake riƙe shan magungunan jiri da amai irin su Stugeron ko Stemetil har wata guda. Na kwanakin farko ne, kamar 3, saboda amai. Bayan nan suna hana ƙwaƙwalwa sabawa da dogaro da lafiyayyen kunnen, haka ma yawan kwanciya. Da amai ya tsaya, ki kama hannunsa ya zaga tsakar gida, ya riƙa kafa ido kan abu ɗaya yana juya kai a hankali. Tuƙi da hawa babur su jira tukuna.

In kuwa kika ga harshensa ya karye, ko yana ganin abu biyu-biyu, ko hannu ya mutu, ko ya kasa tsayuwa sam, ko ciwon kai mai tsanani ya taso, ku tafi asibiti a take, ko da tsakar dare ne. Shanyewar ɓarin jiki na iya farawa da irin wannan jirin, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga.