Tsohon magagari ko ƙarfen resor na mota?

Salamu alaikum jama'a. Ɗan uwanmu na unguwar Boukoki ya tambaya, yana son ya ƙera wuƙar sassaƙa da hannunshi don cokulan icce da gyaran allo, wai tsakanin tsohon magagari da ƙarfen resor na mota, wato faffaɗan ƙarfen nan na ƙarƙashin mota mai shanye gargadar hanya, wanne zai sayo a kasuwar Katako.

Ɗan uwa, in dai wanga aikin ne, ɗauki magagari.

Ƙarfen magagari karbon ɗinshi, wato sinadarin da ke sa ƙarfe tauri, ya kai kashi 1 cikin 100, wani ma ya ɗara, na resor kuma wajen 0.6 ne. Shi ya sa magagari ke ɗaukar kaifi kamar aska kuma ya daɗe bai dakushe ba ko da kana yankan icce mai tauri irin ƙirya ko aduwa. Aibinshi gautsi, in ka soka shi cikin icce ka murɗa sai bakin ya ɓalle. Resor shi kuma yana da jimiri, ya sha duka ya lanƙwasa ya dawo, amma kullum kana bisa dutsen washi. Ga kauri, sau da yawa mili 6 zuwa sama, kai kuma ruwan wuƙarka mili 2 ko 3 ya isa, tsawo santi 5 ko 6, to in ba ka da uwar maƙera da masaba da yaron da zai ja maka zugazugi wallahi wuni za ka yi kana gumi ba ka rage komai ba. Kuma resor ɗin da ya sha hanyar Tawa zuwa Agadas shekara da shekaru yana iya zuwa da tsaga a ciki wadda ido bai gani sai ka gama wahala ta bayyana.

Amma fa a yi hattara, ba kowane magagari ba. Akwai masu arha da fatar sama kawai aka taurara, cikin ƙarfen banza ne. Nemi tsoho, ka gasa bakinshi ya yi ja ka tsoma a ruwa ka buga, in ya karye ƙas to mai kyau ne, in ya lanƙwashe bar masu kayansu.

Aikin wutar kusan ɗaya ne, magagari ko resor. Ka gasa magagarin ja da gawayin ƙirya ka binne cikin toka ya kwana don ya yi laushi, sannan ka gurza ka fidda siffa. Ka maida shi wuta har mayen ƙarfe ya daina kama shi, wajen digiri 770 ke nan, mayen ƙarfen tsohuwar rediyo ma ya isa gwaji, ka ƙara kaɗan sai ka tsoma cikin man gyaɗa mai ɗumi. Kada ka yi da ruwa, tsagewa yake. Baƙin man mota kuma hayaƙinshi guba ne. Daga nan goge shi ya yi fari, ka ɗumama a hankali daga bayan wuƙar har bakin ya yi launin ruwan zuma, wajen digiri 200. Ga magagari wannan dole ne, in ka tsallake rana guda zai karye maka, in kuma ya kai shuɗi ka wuce wuri ya yi laushi.

Resor ɗin aje shi sai ranar da za ka ƙera gizago ko adda, nan ne wurinshi. Ƙota kuma guntun aduwa busasshe ya wadatar, ka yi ta da kauri ta cika hannu.