A Gyara Injin A-kori-kura Ko A Ɗora Na Hannu?

Masu tsofaffin a-kori-kura sun sha tambayata: idan inji ya fara shan baƙin mai, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, gyara za a yi ko a sayi na hannu?

Wajen kuɗi, gyara ya fi sauƙi muddin matsalar ba ta wuce ringi (zoben fistin da ke cikin silinda) da gasket (shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin sassan inji) ba. Sai dai ba a sanin gaskiya sai bakanike ya kwance injin. In aka tarar silinda ta cinye, lissafi ya tashi, motar kuma ta daɗe a gareji.

Na hannu ya fi sauri, amma ba ka san wahalar da ya sha ba. Kafin ka biya, a auna matsin kowace silinda, ka buɗe murfin baƙin mai. In ka ga kumfa fari-fari, mai yiwuwa ruwa na haɗuwa da mai.

Wajen ƙarko, ni dai na fi yarda da injin da aka gyara a gabana, musamman irin 22R na Toyota, wanda kayansa ba sa wuyar samu.

Wanda ke da amintaccen bakanike, kuma zai iya jira, gyara ya fi masa. Wanda motar ce abincinsa kullum, ko injinsa ya fashe, ya nemi na hannu.